Tafiyar Safen Maigidana

Mijina tela ne, kuma ba don nawa ba ne nake yabonsa, duk layinmu babu mai hannunsa. Zai dube ka sau ɗaya ya yanka maka riga bai ɗora maka tef ba. To wannan mutumin ne na shiga shagonsa da rana tsaka na tarar ya kunna fitila, ya kai allura har bakin hanci, yana ta caka zare a iska. Da ya ji motsina sai ya tura allurar ƙarƙashin yadi, wai shi a nan ban gani ba.

A ranar ya miƙo mini rigar da ya ɗinka mini da wani shuɗin yadi mai furanni. Na kai ɗaki na gwada. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, furannin gaba na kallon sama, na baya na kallon ƙasa, kalmasar kuwa ta karkace. Na zauna a bakin gado na sha kukana, na wanke fuska, na fito da ita a jikina.

"Ta yi?" in ji shi.

"Ta yi mana," na ce. Washegari na tasa shi gaba sai asibiti.

Likitar ido wata 'yar siririya ce mai saurin magana. Ta haska idanun, ta aika mu gwajin jini, sannan ta ce yanar ido ce ta rufe su duka biyu.

"Aikin ba wuya, Baba, za ka koma kan keken ɗinkinka. Amma suganka ya yi sama da yawa. In na taɓa idon nan a haka, wurin ba zai warke da wuri ba, ƙwayar cuta na iya shiga mu rasa idon gaba ɗaya. Sai sugan ya sauka."

Ta rubuta magani, ta juyo kaina. Rabin faranti ya zama ganye, a ƙara wake da kifi da ƙwai, a rage shinkafa da farin burodi, lemon kwalba kuwa a yi sallama da shi. Kuma kullum da safe ya taka da ƙafa, don naman jiki idan yana aiki shi ke zuƙe sugan da ke yawo a jini.

Ni dama abin da zan yi nake nema. Kafin magariba na kwashe gwangwanin suga na kai wa maƙwabta, na cika kicin da kabeji da karas da alayyafo. Na samo masa takalmi mai taushi. Da gari ya waye na raka shi bakin ƙofa ina ta zuba masa kirari, har ya yi dariya ya ce in rufa masa asiri.

Abin mamaki, mutumin da ko shagon kusa sai ya hau babur, sai ga shi ya kamu da son tafiya. Kullum yana ƙara nisa. Ya fita rana ba ta fito ba, ba zai dawo ba sai hantsi, yana gumi, fuska sai sheƙi. In ajiye masa wake da ganye, ya ɗan tsakura ya ture, ya ce ya ƙoshi. Wayyo daɗi! Har waya na yi wa ƙanwata ina cika baki, na ce tafiya ta kashe wa Maigida kwaɗayi. Na lura wandonsa ya fara matse shi, amma na ce ƙila wanki ne ya sa ya tsuke.

Ranar da muka koma asibiti har da turarena na fesa. Likita ta duba sakamakon, ta cire tabarau ta dube ni.

"Mama, me kike ba shi? Sugan ƙaruwa ya yi. Wannan gwajin ba na yau kaɗai ba ne, na watannin baya yake nunawa. Yanar kuma tana ƙara kauri."

Na ji kamar in nutse a wurin. Na juya wajen Maigida, ya sunkuyar da kai yana wasa da maɓallin rigarsa. Da muka dawo ya wuce shago, ya ɗauki wani tsohon zane ya lulluɓe keken ɗinkinsa, ya ja ƙofa. A nan tsoro ya kama ni da gaske, don na san in keken nan ya tsaya, mutumin ma ya tsaya.

Da safe ya ɗaura takalmi ya fita. Na yafa mayafi na bi bayansa. Ba sai na ɓuya sosai ba, tunda ko a gabansa na tsaya ba lallai ya gane ni ba.

Ya miƙe titi tiƙis-tiƙis, ya karya kwana wajen famfo, sai ga shi a ƙofar gidan yayarsa, wadda ta goye shi tun yana jariri. Na laɓe a bayan taga.

"Auta, ka iso? Zauna, zauna!" Haka Yaya ke kiransa, da furfurarsa da komai. "Dubi yadda wuyanka ya zarme. Matar nan za ta ƙarar da kai da ganye sai ka ce akuya."

Na leƙa. Kofin shayi ne mai kaurin madara, ina kallo ta zuba suga cokali bayan cokali, ga burodi an shafe shi da bota. Na daure ban shiga ba, don ina son ganin ƙarshen tafiyar.

Daga nan ya bi ta bayan makaranta ya ɓulle gidan burodin amininsa. Tun daga nesa Mai Burodi ya hango shi, ya zaro wani mai zaƙi daga tanda yana tururi.

"Mutumina! Ɗanɗana wannan ka ba ni labari. Loma ɗaya ba ta kisa."

Lomar nan sai da ta cinye burodin kaf. Na ce a raina yau za a yi ta. Amma wuri na ƙarshe shi ya fi ƙona mini rai, don gidan babbar 'yarmu ya shiga, wadda muke kira 'Yar Baba. Ita da na zaunar na karanta mata duk abin da likita ta faɗa! Ina isa na ji ƙarar buɗe kwalba, fuss. Ban san lokacin da na banka ƙofar ba.

"Sannunku da motsa jiki!"

'Yar Baba ta saki marfin kwalbar. Ga soyayyen dankali a faranti, ga uban nata da lemo a hannu, baki buɗe.

"Umma, wallahi ɗan kaɗan ne. Na ga daga ganye sai ganye yake ci, tausayi ya ba ni."

"Daga ganye sai ganye? Kira mini Yaya da Mai Burodi yanzun nan, su zo su ji ganyen da yake ci!"

Kafin su iso na tsare shi da faɗa. Ya bari sai da na sauke, sannan ya yi magana a hankali.

"Ba na ganin hanya sosai. Inda ƙafata ta sani nake bi, ita kuwa gidajen nan ta sani. In na shiga, ta yaya zan ce wa Yaya a'a? Ita ta goye ni fa."

Da suka hallara na zayyana musu tafiyar tun daga famfo har kwalba. Sai kallon-kallo. Ashe kowannensu ya ɗauka shi kaɗai ne ke ceton Maigida daga yunwa. Yaya ta fara hayaniya, wai likitocin yanzu komai sai sun hana mutum, ƙaninta lafiyarsa ƙalau.

Maigida ya miƙe. Ya zaro allurar da kullum ke maƙale a wuyan rigarsa, ya ciro zare daga aljihu, ya matsa bakin taga inda haske ya fi yawa. Ya lasa zaren ya kai, ya wuce. Ya sake, ya wuce. Ya sauke hannu. Sai na ji shessheƙar 'Yar Baba.

"Auta," in ji Yaya, "tun yaushe?"

"An daɗe, Yaya."

Ta share ido da bakin mayafi ta juyo kaina. "To ke uwar yara, ya zan yi? Ƙanina ya shigo gidana ya fita ban ba shi komai ba?"

"Ki ba shi rakiya, Yaya," na ce. "Ki kai shi gidan burodi da ƙafarki. Mai Burodi kuma ya karɓe shi ya kawo shi nan."

Kai, ban taɓa ganin abu ya kama wuta irin wannan ba! Washegari Yaya ta fito da sandarta tana mitar gwiwa, ta raka shi gidan burodi, sai ta ce tunda ta zo nan bari ta ƙarasa. Mai Burodi ya bar wa ma'aikatansa tanda ya biyo su da tumbinsa yana haki. 'Yar Baba ta goyo jaririnta ta shigo layi, ni ina gaba ina share hanya. Tunda yanzu akwai masu yi masa ido, muka bar tsohuwar hanya muka riƙa zagaya filin ƙwallo. Masu shaguna suna ɗaga mana hannu, wani mai faci ya sa mana suna Jirgin Safe. Yaya ba ta iya haƙura gaba ɗaya ba, kullum da dafaffen ƙwai a ƙulle a mayafinta, na ce wannan an yarda. Mai Burodi ya je gwaji don tsokana, aka ce shi ma nasa ya fara hawa, ya dawo ya fi kowa sauri.

Wando ya saki. Da watanni suka zagayo muka koma asibiti mu duka, har ma'aikaciyar jinya ta ce marar lafiya ɗaya ne ko biyar. Likita ta duba takarda ta buga tebur.

"Yawwa, Baba! Yanzu ka zo. Za mu fara da idon dama."

Yaya ta rangaɗa guɗa a cikin asibiti, sai da aka zo aka ce mu yi a hankali.

Ranar da za a cire bandeji na buɗe akwati ina neman abin sawa, hannuna ya faɗa kan shuɗiyar rigar nan. Na sa ta. A ɗakin likita na tsaya a gabansa. Aka ɗaye auduga. Ya ƙifta ido, ya sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ya dubi taga, ya dubi tafin hannunsa, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa. Sai na ga ya haɗe rai.

"Ke, wane tela ne ya ɓata miki yadi haka?"

Dariya da kuka suka taho mini tare. Ya kamo hannun rigar, ya juya kalmasar, ya bi ɗinkin da yatsa. Ya gane hannunsa. Ya ɗago ya dube ni.

"Kuma kika ce mini ta yi."

"Ta yi mana," na ce.

Ya riƙe hannun rigar gam, bai saki ba.

"In mun je gida ki cire mini ita," in ji shi. "Ki kuma yaye zanen nan daga kan keke."