Yatsun Malama Baraka

Ranar ƙarshe ta tantance 'yan fansho, da ƙafa Malama Baraka ta tako tun daga Ƙofar Ruwa, don kuɗin adaidaita ya fi ƙarfinta tun da aka cire tallafin mai. Gwamnati ta ce gyara take yi: sunayen bogi sun yi yawa, saboda haka duk wanda na'ura ba ta shaida yatsansa ba, a goge shi. Ita kanta ba ta ƙi gyaran ba. Shekara talatin da biyar tana koyarwa, ta ga masu cin albashin matattu da idonta.

Sai bayan azahar layi ya zo kanta. Ma'aikacin da ke teburin ya miƙe yana washe baki.

"Malama! Muttaka ne, ɗan ajinki na uku, mai cin alli."

"Au, kai ne ka zama gwamnati? To, Allah ya kyauta."

Ta ɗora babban yatsa a kan gilashin na'urar. Jar wuta ta kama. Ta goge a mayafi, ta sake. Ja. Haka aka bi yatsu goman nan kaf.

Muttaka ya juya hannunta ya duba. Sumul, kamar bayan cokali.

"Malama, me ya cinye zanen?"

"Soda. Wankau nake yi wa maƙwabta. Tun da kuka fara farfaɗo da tattalin arzikin nan, fanshon ba ya kai ni tsakiyar wata."

"Ki huta da wankin sati uku, ki riƙa shafa man kaɗanya, zai dawo."

"Ba yau kuke rufewa ba?"

Ya saki hannunta, ya hau gyara takardun gabansa.

"Muttaka, ni na kama hannunka na koya maka riƙe fensir. Rubuta ka gan ni."

"Wallahi shi aka hana, Malama. Sanayyar ce ta shigo da na bogin. Yanzu sai abin da na'ura ta ce."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"To me za a sa a gaban sunana?"

Ya sunkuyar da kai. "Ba ta bayyana ba."

Ta ja mayafinta ta fita. A gida, kayan maƙwabciyarta Hajiya Turai suna nan cikin baho, inda ta jiƙa su da safe. Ta ƙara soda, ta naɗe hannun riga, tana tunanin gidajen da za ta shiga gobe neman ƙarin wanki.