Tirelar da Malachy Ya Sayo

Josiah ya shekara goma sha huɗu yana jan manyan motoci tsakanin Jos da Fatakwal kafin ya zo Amurka. A Greensboro kuwa, canza taya da man inji yake yi a wani gareji. Yayan matarsa, Malachy, shi ya yi musu hanyar zuwa, ya kuma ba su ɗaki a gidansa na Pleasant Garden har suka kama nasu. Don haka in Malachy ya kira, Josiah ba ya tambayar dalili.

Wata Asabar ya kira shi ya zo ya ga abin da ya sayo. Tirela ce ta yawon hutu, fara sol, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Malachy da matarsa Scholastica za su tafi da ita tsaunukan Boone. Ga Jerry, abokinsu na coci, yana tsaye yana ta sa albarka.

Josiah ya karanta lambobin da ke jikin tirelar, sannan ya ciro littafin ƙaramar jif ɗin Malachy ya duba.

"Yaya, motar nan ba za ta iya da ita ba," in ji shi. "Fam dubu uku da ɗari biyar a ma'aunin nauyi ne iyakar abin da za ta ja. Tirelar nan ko babu komai a ciki ta wuce haka. Ga ruwa, ga tukunyar gas, ga kayan Anti. Kuma babu na'urar da za ta kama birkin tirelar."

"Wanda ya sayar min ya ce ba matsala."

"Sayarwa yake so ya yi, Yaya."

Malachy ya yi dariya, ya dubi Jerry. "Ka ji direban gingimari zai koya min Amurka. Josiah, nan fa ba hanyar Akwanga ba ce."

A gida, Nanret, matar Josiah, ta ce, "Ka faɗa, ya ji. Don Allah ka bar maganar, kar ka riƙa ba shi kunya a gaban mutane."

Ranar Juma'a da safe Malachy ya sake kira, wai ya zo ya haɗa masa ƙugiyar tirelar da motar. Josiah ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya tashi. Ya je ya kulle ƙugiyar, ya gicciya sarƙoƙi, ya gwada fitilu. Da nauyin tirelar ya sauka, bayan motar ya yi ƙasa, gabanta ya ɗaga.

"Yaya, bari in aro maka babbar motar ogana, ko ta kwana biyu ce."

"In shiga gari da motar gareji? Ka gama? To, mun gode."

Ba su kai Boone ba. A wata gangara babbar mota ta wuce su, iskarta ta bugi tirelar, ta fara wutsil-wutsil hagu da dama. Malachy ya taka birki, tirelar ta turo motar daga baya, suka kife a gefen titi. Shi ƙujewa kawai ya yi. Scholastica kuwa ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu.

Da Josiah ya isa asibiti, ya tarar da mutanen coci cike da baranda. Tun daga nesa ya jiyo muryar Malachy.

"Amana na ba shi ya haɗa min. Ban san yadda ya yi ba."

Kowa ya juyo ya kalle shi. Josiah ya nemi idon Jerry, amma Jerry ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Washegari ya je filin da aka ajiye motar. Ƙugiyar tana nan a kulle, sarƙoƙin ko ɗaya bai tsinke ba. Ya ɗauki hoto ya kawo wa Nanret.

"Wa za ka nuna wa?" ta tambaye shi, hawaye na zuba. "Matarsa tana kwance. In ta san shi ya jawo, gidan nan ya mutu. Yayana ne, Josiah."

Bayan wata biyu aka sallami Scholastica, tana dogara sanda. Suka je gaishe ta. Ta rame, ta kama hannun Josiah da nata biyu.

"Na yafe maka, ƙanena," ta ce. "Kowa yana kuskure."

Josiah ya dubi Malachy. Yana zaune yana kallon ƙwallo a talabijin, ko waiwayowa bai yi ba. Nanret ta ƙura wa mijinta ido.

"Na gode, Anti," in ji Josiah.

Tun daga lokacin mutanen coci suka daina kawo masa motocinsu. Ran Lahadi sukan gaishe shi da fara'a, su tambayi aiki, sannan su wuce.