Murafu Biyu

Murafu biyu ne kwance a kan teburin gwaji, ɗaya da jan ɗigo, ɗaya da shuɗi. 'Yan kwalabensu biyu kuwa na tsaye cikin bokitin ƙanƙara, iri ɗaya kamar an tsaga kara. Ɗalibar ta zuba musu ido, kanta ya ɗaure tamau.

Shekara uku ke nan tana bin furotin guda. A cikin ƙwayar halitta, saƙo yana wucewa ne idan wannan furotin ya cafke abokinsa da wani ɗan aljihu da ke jikinsa. Ita ta ce aljihun ne kaɗai ke riƙon. Don ta tabbatar, ta shirya lafiyayyen furotin a kwalba mai jan ɗigo, wanda ta toshe wa aljihu a mai shuɗi. Sakamako ya fito fes: ɗaya ya kama, ɗayan ya saki.

Matsalar ita ce a murfi take sa alama, domin jiƙar ƙanƙara na goge tawada a jikin kwalba. Da safe kuma, garin sauri, ta cire murafun a tare.

Kawu, dattijon da ke kula da na'urori, ya leƙo ta kafaɗarta.

"'Yata, wacce ce ja?"

"Ta hagu, Kawu. Ina ji."

"Hagunki ko hagun bokitin? Don na ga kin juya shi da za ki ɗauko safar hannu."

Ta juya bokitin, ta sake juyawa, abin ya ƙara dagulewa. In lafiyayyen ne ya kama, ta yi gaskiya. In tosasshen ne, shekara ukun ta bi ruwa. Sake rainon ƙwayoyin mako huɗu ne, kundin digirinta kuwa ranar Litinin za a miƙa.

"Hankali dai ya ce na jar ne ya kama," in ji ta.

"Hankalin wa?" Kawu ya ce, ya koma kan aikinsa.

Ta ɗauki biro, ta ajiye. Tsoro ya kama ta, don ta ga rubuta abin da take so ba wuya.

Sai ga Farfesan da ke duba aikinta ya shigo, ya ɗaga hoton sakamakon a haske, fuskarsa ta washe.

"Madalla! Ban taɓa ganin mai kyau haka ba. Wanne ne ya kama?"

Ta dubi murafun biyu, ta ce:

"Ɗaya daga cikinsu, ranka ya daɗe."