Shurin Ƙasa na Babana

Jelmer ya kira wasan babana shara a gaban mutum goma sha huɗu, ina zaune.

Kulob ɗinmu na masu tsofaffin wasannin bidiyo yana haɗuwa duk Asabar da rana a bayan wani shagon kekuna a garinmu, Leeuwarden. Jelmer ke riƙe da makulli, don haka shi ne mai baki. Ran nan ya kunna Kadevechters, wasan faɗa da babana ya rubuta shi kaɗai a 1992. Ko a garinmu ba kowa ya san shi ba. Jelmer ya ce mayaƙan suna tafiya kamar masu ciwon ƙugu, kuma daga bana a cire wasan daga gasar kulob. Aka kwashe da dariya.

Na ce laifin Jelmer ne. A kwamfutarsa yake kunna shi da gudun Amurka, hoto sittin a daƙiƙa, alhali don talabijin ɗin Turai mai hamsin aka yi shi. Dole ya lalace.

"To kawo na gidanku, ɗan gado," in ji shi. "In ka ci ni, wasan ya zauna a gasar."

Asabar ta zagayo, na ɗora tsohuwar na'urarmu da ƙaton talabijin ɗin a keken kaya, ana yayyafi. Baba ya biyo ni ban gayyace shi ba. Ya samu kujera can baya da kofin kofi.

Tun ina shekara shida Baba yake ci na a wasan da shuri ɗaya: ka durƙusa, ka share ƙafar abokin karawa, kafin ya miƙe ka ƙara. Kullum na faɗi sai ya ce in ƙara koyo. Na ɗauka sirrin gidanmu ne.

Da shi na kama Jelmer. Zagaye uku, ko sau ɗaya bai taɓa ni ba. Na juya ina jiran tafi.

"Sjoerd, ka gama?" in ji Jelmer. "Maɓalli ɗaya fa ka yi ta dannawa."

Na ce gwaninta ce, ba ya ganewa. Sai ya kira Aukje, mai shagon kekunan, wadda ta leƙo neman sufana kuma ba ta taɓa riƙe abin wasan ba. Ya nuna mata maɓallin. Ta riga ni shurin farko, shi ke nan, ban sake miƙewa ba. Ta goge hannu a wando ta tambaya ko an gama, tana da aiki.

Dariyar da na ji daga can baya ta Baba ce.

Ya taso yana share ido. Ya ce musu gudun talabijin bai da laifi. Lamba ɗaya ya manta bai saka ba lokacin da yake rubuta wasan, wadda za ta ba wanda ya faɗi damar tashi, kuma sai da aka buga faifan wasan ya lura.

"Shekara goma sha uku, Baba," na ce. "Kana cewa in ƙara koyo."

"To, ai ni ma ina son ci, yaro."

Aka ce masu son a cire wasan su ɗaga hannu. Hannun Baba ne ya fara tashi. Jelmer ya miƙa masa faifan da alƙalami, wai ya sa hannu don a manna a bango, ya kuwa sa.

Na fita na bar su. Kwana biyar ke nan ban yi wa Baba magana ba. Jiya ya ƙwanƙwasa ƙofata, wai ya tuna lambar, in zo mu gyara. Na ce ya kira Jelmer.