Gangaren Bakin Ƙofa

Auta na sauke hoton ƙarshe daga bangon falo dillali ya shigo yana shinshina iska.

"Har yanzu akwai warin magani, Malama. Buɗe tagogin nan duka."

Ta buɗe. Duk abin da ya ce ta yi, ta yi shi. Ta shafa farin fenti, ta gyara famfon da ke ɗiga, ta kwashe rabin kujeru zuwa maƙwabta don falon ya ƙara faɗi a ido. Likita ya ce aikin ƙodar Baba ba zai jira ƙarshen wata ba, kuma gidan nan ne kaɗai ya rage musu da za su sayar.

"Saura tsohon," dillali ya ce, ya rage murya. "Mai saye in ya ga mara lafiya, ya san a matse kuke. Ki nuna masa a ƙoshe kike, ko da hanjinki na kuka."

Ta tura Baba a kekensa na marasa lafiya zuwa gidan Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarsu.

"Yau ma ɓoye ni za a yi?" in ji Baba. "Ki tambayi dillalin naki ko za a haɗa da ni, a matsayin gyara."

"Baba, ka daina."

"To, ai na fi famfon nan lafiya."

Mai sayen ya iso bayan azahar da matarsa, dattijo mai sanyin magana. Matar ta buɗe kowace durowa a kicin, ta ƙwanƙwasa bango, ta ce ɗakin baya zai yi wa jikokinta. Dillali sai zuba yake yi, yana yabon ruwa da wuta da maƙwabta. Auta ta tsaya a gefe tana murmushin da aka koya mata.

Sai da za su fita dattijon ya tsaya. Ya taɓa gangaren simintin bakin ƙofa da takalminsa. Bara Auta ta sa magini ya zuba shi a kan matakala, don keken Baba ya riƙa hawa da sauka.

"Wannan fa?"

"Na babur ne, Alhaji," dillali ya yi caraf.

"Babur da ƙarfen dafawa a gefe?" Ya juyo wajen Auta, fuskarsa cike da tausayi. "Allah ya ba shi lafiya, 'yata. Me ke damunsa?"

An daɗe ba wanda ya yi mata wannan tambayar. Kafin ta farga, bakinta ya riga ta.

"Ƙoda ce. Aiki za a yi masa a watan nan."

Dattijon ya yi addu'a mai tsawo, matarsa na amin. Sannan ya gyara hularsa.

"Gida ya yi kyau. Mu dai ba sauri muke yi ba. Za mu sake leƙowa."

Motarsu na ficewa dillali ya tafa hannu.

"Kin miƙa masa wuƙa da nama. Zai dawo kam, ranar da za ki karɓi duk abin da ya jefo miki, har ki yi godiya."

"Ba wani mai sayen?"

"Akwai wani, wataƙila gobe. Wataƙila." Ya nuna gangaren da mukullin babur ɗinsa. "A fasa wannan kafin ya zo."

Ta aro guduma wajen magini. Simintin ya yi tauri, don ita da kanta ta ce a zuba shi da kyau. Tafin hannunta ya yi bororo kafin tsofaffin matakala su bayyana. Ta share ɓaraguzan, ta watsa ruwa, sannan ta je ta ɗauko Baba.

A bakin ƙofa keken ya tsaya. Baba ya dubi matakalan, ya dubi hannunta. Bai yi wasa ba wannan karon.

"Sun saya?"

"Suna shawara, Baba."

Ta durƙusa a gabansa ta ba shi baya. Ya saƙalo hannuwansa a wuyanta. Ta ciji leɓe, ta tattara duk ƙarfinta ta miƙe, tana jiran nauyi ya danne ta.

Ba ta ji nauyin komai ba.