Kirarin da Aka Hana Jika

Tun daga Iseyin har Ibadan bakin Iya Folarin yake motsi a mota, har matar da ke gefenta ta ɗauka addu'a take yi. Oriki take bita, kirarin gidan mijinta, wanda uwar mijin ta koya mata a gindin turmi shekara arba'in da suka wuce. Duk waɗanda suka iya shi sun mutu, saura ita kaɗai. Yau sunan jikanta na fari, kuma ta ƙudura a kansa za ta zuba shi kaf, uwar yaron ta ji ta kama.

Ta sauke ƙullin garin amala ke nan, ɗanta Folarin ya zo ya kwanta rub da ciki ya gaishe ta. Ta dafa kansa kamar kullum, ta soma da sunansa na kirari.

"Akanni, ɗan marina, waɗanda suka wanke hannu kogi ya koma baƙi. Jikan mai zane ɗaya da ya yafa wa baƙo ya kwana da sanyi."

Ta ja kirarin har ƙarshe. Yana kwance, ƙaton injiniya da tumbi da digiri biyu, kafaɗunsa suka saki kamar na yaron goye. Sai da ya sha ya ƙoshi sannan ya miƙe, ya ja ta gefe.

"Maami, don Allah kar ki yi wa yaron wannan. A cocinmu an ce kiran matattu ne."

"Matattu? Kakanka ne fa! Kai me ka gama sha yanzu, kunu?"

"Ni na riga na saba. Shi muna so ya tashi a tsarkake."

A tsarkake! Wato ita ce dauɗar. Maganar ta soke ta har ƙashi, amma ta haɗiye, ta yi masa alkawarin ba za ta yi ba, don ba ta zo ta kunyata ɗanta a gaban baƙi ba.

Fasto ya soma addu'a, jariri ya soma tsala ihu. Fasto ya ɗaga murya, yaro ya ɗaga tasa. Keji, uwar yaron, ta ba shi nono ya ƙi, ta jijjiga har gumi ya jiƙa mata ɗankwali. Can ta miƙo shi, ido ya ciko.

"Mama, ki taimake ni."

Iya Folarin ta zagaya da shi bayan kicin, inda tukwanen miya ke tafasa. Ta san maganin kukan nan sarai, ga shi a kan harshenta. Amma ta yi alkawari. Sai ta datse leɓe, ta riƙa rera muryar kirarin ta hanci, babu kalma ko ɗaya. Yaron ya yi ajiyar zuciya, ya damƙe mata yatsa. Wayyo, daɗi! Kunnen kakansa ne sak, har da ɗan lanƙwasar nan. Ta so ta gaya masa kunnen wa ya ɗauko, babu dama.

Folarin ya leƙo yana murmushi.

"Kin gani ko, Maami? Ya yi barci, ba ki kira sunan kowa ba. Ashe dama ba a bukatarsa."

Da ya mare ta da ya fi mata sauƙi. Ta miƙa masa ɗansa, ta koma cikin mata. Aka zuba mata amala ta kasa ci.

Washegari da safe ta ɗaure kayanta. Folarin ya fito cikin farar rigar ofis, ya kwanta a gabanta.

"Ka tashi lafiya, Injiniya?" ta ce.

Bai motsa ba. Goshinsa na ƙasa, yana jiran hannu a kansa, yana jiran kirarinsa. Keji na tsaye bakin ƙofa da jariri a kafaɗa, tana kallonsu. 

"Maami?" ya ce a hankali.

Ta ɗauki jakarta.

"Tashi mana, za ka ɓata rigarka."