Madara a Kan Shahon Ƙarfe

Tun daga bakin layin sinima ƙarni ya daki hancin Thenmozhi. Madara ce kwance a kwalta, rana ta fara dafa ta, ƙudaje sun yi mata baƙi. Ta toshe hanci da gefen sarinta tana tsallake ledoji, idonta na neman 'yarta Nila, wadda mijinta Ilango ya fita da ita wai za su sayo wainar shinkafar nan da ake kira idli.

A ƙofar sinimar an kafa hoton Shahon Ƙarfe na katako, tsawonsa ya fi bene biyu, an ɗaure masa tsanin gora ta baya. Samari na hawa da tuluna suna kwarara masa madara a ka, kamar yadda ake yi wa kowane jarumi ranar fitowar fim ɗinsa.

Ta san Shahon nan sarai. Akwati guda na littattafansa na zane ke ƙarƙashin gadonsu, Ilango ba ya yarda ko matsar da shi a yi wajen shara. A cikinsu Shahon siriri ne mai gashin baki, aikinsa ciro awaki daga rijiya. Rediyo ta ba shi murya kamar aradu, talabijin ta ɗora shi a babur yana tallar alewa. Yau kuma ga shi da adda, jini har gwiwar hannu, madara na gangarowa ta kan jinin.

Sai ta hango su. Ilango ya kusa rabin tsanin, Nila a wuyansa rungume da kofi, ƙafarsa na zamewa a jiƙaƙƙiyar gora.

"Baban Nila! Sauko min da yarinya!"

Wani daga can sama ya leƙo, ya hango Thenmozhi. "Ilango, ga Shaho na gaskiya nan ya iso!" Aka kwashe da dariya.

"Haba Then, kofi ɗaya ne fa," in ji Ilango. "Tun ina kamarta nake binsa."

"Madalla da mabiyi. To me yake cewa a bangon baya na littafin? Ba kai ke karanta mata ba?"

Nila ce ta amsa, ta kumbura murya yadda babanta ke yi: "Yara, hawa sama sai Shaho. Ku ku tsaya a ƙasa."

Wannan karon Ilango aka yi wa dariyar. Ya soma saukowa a hankali, gora bayan gora, Thenmozhi na ƙasa hannu a buɗe. A matakin ƙarshe kofin ya tuntsure, madarar ta wanke masa kai har cikin kunne.

Ta fizge Nila, ta duba hannuwanta da ƙafafunta, ta goge mata fuska.

"Kai kuma akwai famfo a bakin layi," ta ce ba ta ko kalle shi ba. "Kada ka shigo min gida da wannan ƙarnin."